Kundin aiki: ɓera, ido da kwana bakwai na farko

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Takardar izini ta fito yau da hantsi, bayan wata uku ana kai da komo da kwamitin kula da dabbobin gwaji na jami'armu a nan Amurka. Sau biyu suna dawo mini da ita. Sun ce in bayyana dalilin kowane ɓera da na nema, da maganin kashe zafin da zan ba shi, da alamar da in na gani zan tsayar da gwaji ko da bai kai ƙarshe ba. Ban ga laifinsu ba. Tun 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idar a Ingila: in akwai abin da zai maye gurbin dabba a ɗauke shi, in babu a rage yawanta, a kuma sauƙaƙa mata wahala. Ni kuma ina da nawa dalilin tun daga gida. Rai ne, kuma za a tambaye ni a kansa.

Bari in rubuta tambayar aikin a shafin farko, don in riƙa komawa kanta duk ranar da kaina ya ɗau zafi.

Bairos ɗin da muke aiki da shi sunansa HSV-1. Shi ne mai fito da ƙurajen nan a gefen leɓe bayan mutum ya sha zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 ke ɗauke da shi, kashi 64 cikin 100 ke nan, kuma yawancinsu ba su ma sani ba. Yana kwance ne a wani kullin jijiya a ƙasan ƙwaƙwalwa, sai ya ga jiki ya yi rauni ya taso. Mafi yawan lokaci leɓe yake nufa. Wani lokaci kuma ya bi reshen da ke zuwa ido, ya sauka a kan tantanin nan garai-garai da ke rufe baƙin ido kamar gilashin agogo, wanda likitoci ke kira koniya. Lissafin Farooq da Shukla na 2012 ya ce kusan mutum miliyan 1.5 ke samun wannan gyambo kowace shekara a duniya, wajen dubu 40 daga cikinsu idon ya mutu ko ganinsa ya ragu ƙwarai.

Abin da ya ja ni cikin wannan fage shi ne, ba bairos ɗin da kansa ke saka hakiya ba. A 1979 Metcalf da abokan aikinsa suka sa shi a idon wasu ɓeraye marasa gashi, waɗanda ake haifa babu ƙwayoyin garkuwa da ake kira T. Idonsu bai yi farin da na sauran ɓeraye ya yi ba. Ashe garkuwar jiki ce ke yin ɓarnar, garin kare ido.

Garkuwar iri biyu ce. Akwai ta koyo, wadda sai ta ga cuta, ta gane ta, ta yi shiri na kusan mako ɗaya kafin ta iso, kuma ƙwayoyin T a cikinta suke. Akwai ta haihuwa, wadda ba ta jiran gabatarwa, cikin sa'o'i take fitowa. Aikina a kan ta haihuwar ne. A cikin waɗanda suka fara isa ido a kwana bakwai na farko, wa ke kawar da bairos, wa kuma ke share fagen hakiyar da za ta zo a mako na biyu? Na fi zargin wata farar ƙwayar jini mai suna niyutirofil, don ita ce ta fi kowa yawa a wurin.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na gama auna ƙarfin bairos ɗin da na raina. Dabarar ta Dulbecco ce, tun 1952, kuma har yau babu abin da ya ture ta. Ana shimfiɗa ƙwayoyin halitta a faranti har su rufe ƙasansa ruf. Namu Vero ne, waɗanda aka ciro daga ƙodar wani biri na Afirka a Japan a 1962, ake ta raino har yau. Sai a tsarma bairos kashi goma-goma, a zuba, a rufe da wani abu mai kauri kamar kamu don kada ya yi yawo, a jira kwana uku. Daga nan a rina farantin da shuɗin nan da ake shafa wa yara a miki, wanda ake kira G.V. a kemis. Duk inda bairos ɗaya ya sauka ya ci maƙwabtansa, sai ka ga farin rami a cikin shuɗi, kamar idon rariya. Ƙirga ramukan kawai za ka yi.

Na raba shi ƙananan kwalabe na kai firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifiri. Kowace kwalba sau ɗaya za a narkar da ita.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ɓerayen sun iso tun makon jiya, suna sabawa da ɗaki. Baƙaƙe ne, jinsin C57BL/6, waɗanda Lopez ya nuna tun 1975 cewa sun fi fararen jure wannan bairos.

Kwana uku ke nan dattijuwar da ke kula da ɗakin dabbobi tana koya mini hannu, a kan idon ɓerayen da aka riga aka gama wani gwajin da su. Idon ɓera bai wuce ƙwayar dawa ba. Kaurin koniyarsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, tamu kuwa rabin milimita. Ana so a karce fatar sama kaɗai da bakin allura, layi-layi, don bairos ya sami mashiga. In ka danna kaɗan ka huda. Ta kama wuyan hannuna ta ajiye shi a kan tebur, ta ce kada in bar shi a iska, yatsu biyu kawai za su motsa, kuma in ja layin lokacin da nake sakin numfashi. Shekara talatin tana wannan aiki, hannunta ko rawa ba ya yi.

Litinin, 10 ga Fabrairu, ranar sifiri

An fara. Kowane ɓera ya sha allurar barci, na karce ido ɗaya, na ɗiga bairos dubu 10 a ɗigon da bai kai kan tsinke ba. Ɗayan idon ban taɓa shi ba, don ɓera ya ga hanyar abinci da ruwa.

Rukuni uku ne, kuma tun jiya Lahadi na yi musu allurar da ta bambanta su. A nan gizo ke saƙar. A 1996 Tumpey da abokansa suka kawar da niyutirofil daga jikin ɓeraye da wani sinadarin garkuwa mai kama alamar da ake kira Gr-1, sai bairos ya yi ta haihuwa a ido. Kowa ya ce to, niyutirofil ne masu kashe shi. Daga baya aka lura cewa wannan sinadari ba niyutirofil kaɗai yake kamawa ba, har da wata farar ƙwayar jinin, monosait, don alamominsu sun yi kama. Mutum biyu aka fitar daga ɗaki, aka ɗora wa ɗaya duk abin da ya biyo baya. Yanzu akwai wani sinadarin, 1A8, da ke kama niyutirofil su kaɗai. Saboda haka rukuni na farko sun sami 1A8, na biyu tsohon na Gr-1, na uku kuma wanda ba ya kama komai. Zan ci gaba da allurar har kwana na 5.

Wani ɗalibi ya canza lambobin kejin ya ɓoye takardar. Ba zan san wane ne wane ba sai na gama aunawa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai ido yana da son zuciya, abin da mai shi ke fata shi yake gani.

Laraba, 12 ga Fabrairu, kwana na 2

Yau na ga abin da na daɗe ina gani a littafi. Na ɗiga rini ruwan ɗorawa a ido, na kashe fitila, na haska shuɗin haske. Sai ga gyambon ya fito kore shar, ya yi rassa kamar busasshen reshen ƙaya, kowane reshe da ɗan kumburi a ƙarshensa. Haka yake fitowa a idon mutum, kuma da wannan siffa likitan ido ke gane shi. Na daɗe a kan madubin kafin in tuna da ɗaukar hoto.

Abin da ke gudana ƙarƙashin koren nan shi ya fi burge ni a duk ilimin garkuwa. Kafin wata farar ƙwayar jini ta iso, ita kanta fatar koniya ta riga ta yi kururuwa. Kowace ƙwayar halitta tana ajiye DNA ɗinta, wato kundin gadonta, a ɗaki guda a tsakiyarta. In aka tsinci DNA a tsakar gida, to baƙo ya shigo. Akwai mai gadi mai suna cGAS, wanda Zhijian Chen ya gano a Dallas a 2013, da ke cafke irin wannan DNA, ya aika saƙo ga wani mai suna STING, wanda Glen Barber ya bayyana a 2008. Shi kuma ya sa a saki intaferon. Wannan intaferon ɗin tsohon sani ne, Isaacs da Lindenmann suka gano shi a Landan a 1957, amma sai da aka yi fiye da shekara hamsin kafin a san wanda ke tayar da shi in bairos mai DNA ya shigo. Aikinsa ya gaya wa maƙwabta su rufe ƙofa: su rage ƙera furotin, su hana sabon bairos ficewa. Royer da Carr a Oklahoma sun nuna a 2016 cewa ɓeran da ba shi da STING, bairos ya fi yawa a koniyarsa. Kuma intaferon ɗin ne ke sa a saki sinadarin da ke kiran monosait zuwa wurin.

Shi ma bairos bai zo hannu rabbana ba. A cikin furotin fiye da saba'in da yake ƙerawa akwai waɗanda aikinsu toshe wannan kururuwa, irin su ICP0 da ICP34.5. Wanda ya riga wani a kwana biyun nan, shi ke da rinjaye.

Na ɗibi jini kaɗan daga jela don in tabbatar allurar ta yi aiki. Na'urar ƙirga ƙwayoyi ta nuna wasu kejin babu niyutirofil ko na magani. Dattijuwar ta ce in shafa ɗigo ɗaya a gilashi in busar in ajiye, haka aka koya mata. Na yi, don girmanta.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, kwana na 10

Kowace safiya ina shafo hawaye da ɗan auduga in kai kan faranti. Sakamakon ya taru. A yawancin kejin ramuka sun yi ta raguwa, zuwa kwana na 7 faranti shuɗi ne tas. A wasu kejin kuwa bairos ya ƙi tafiya. Biyu daga cikinsu fuska ta kumbura, gashi ya tashi, suka takure a lungu, nauyinsu ya faɗi ya kai iyakar da na rubuta wa kwamiti. Shekaranjiya na kawo ƙarshen wahalarsu. Na yi bisimilla, na yi da sauri yadda aka koya mini. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Ga abin mamakin. Idon da bairos ya bari tun kwana uku, yanzu ne ya fara lalacewa. Siraran jijiyoyin jini ja sun fara kutsowa daga gefe, kamar saiwar gero. Lafiyayyar koniya ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa haske ke ratsa ta. Ambati da abokansa sun gano dalili a 2006: tana ƙera wani tarko da ke kama VEGF, sinadarin da ke kiran jijiyoyi su tsiro. Har suka duba ayu, ɗan'uwan wanda ke kogin Binuwai da Kwara, don shi koniyarsa da jijiyoyin jini take, suka tarar ba shi da wannan tarko. Ciwon nan yana ƙara VEGF, yana kuma rage tarkon. Da hanya ta buɗe, sai ayari na biyu ya shigo, niyutirofil da ƙwayoyin T tare, kuma ya fi na farko yawa nesa ba kusa ba.

Talata, 25 ga Fabrairu, kwana na 15

Na auna hakiya, daga 0, ido garau, zuwa 4, inda ba a ganin komai a bayan fari. Da na gama aka buɗe takardar lambobi. Waɗanda bairos ya daɗe a idonsu 'yan Gr-1 ne. 'Yan 1A8 kuwa ba su bambanta da waɗanda ba a cire musu komai ba, ko a korar bairos ko a hakiya. Wato niyutirofil na kwanakin farko ba su kori kowa ba, ba su kuma ɓata komai ba. Rabin farko ya dace da abin da ɗakin binciken Hendricks a Pittsburgh ya nuna a 2012, cewa ƙwayoyin NK, wasu fararen ƙwayoyin jini na garkuwar haihuwa, da masu yi musu jagora su ne ke da babban hannu wajen kawar da bairos. Rabi na biyu sabo ne. Na kwana da murna.

Asabar, 1 ga Maris

Ɗaya ga Ramadan. Bayan sahur na kira gida, su can rana ta riga ta yi. Umma ta ce, “Har yanzu kina nan da ɓerayenki?” Na ce ina nan, Umma. Ta ce, “To Allah Ya sa a dace. Ga Goggonki, tun ɗazu take jira.”

Goggo tana da hakiya a idon hagu tun kafin a haife ni. Muna yara mun ɗauka haka Allah Ya halicce ta. Yau na tambaye ta. Ta ce tana 'yar shekara huɗu ko biyar aka yi ƙyanda a unguwa, ta kwanta, bakinta ya yi gyambo har ba ta iya shan koko, idon ya rufe da kwantsa. Da ya buɗe, sai fari. Ta ce, “'Yar nan, ai ni na gode Allah, da yawa a shekarar ba su tashi ba.”

Na yi shiru, don na san wannan labari daga takarda. A 1979 Whittle da Sandford-Smith da abokan aikinsu suka wallafa abin da suka gani a Zariya: yara masu fama da tamowa, bayan ƙyanda, da munanan gyambuna a baki da ido, kuma a cikin gyambunan an sami wannan bairos ɗin da ke firizata. Ƙyanda tana durƙusar da garkuwa, tana kuma ƙarar da bitamin A, sai wanda ke kwance ya sami sarari. A Tanzaniya ma Foster da Yorston sun ga gyambon yana biyo bayan zazzaɓin cizon sauro. Allurar rigakafin ƙyanda da ɗigon bitamin A da ake ba yara sun ceci idanun da ba su ƙirguwa.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne ɗigon ido na kemis. Ido ya yi ja, a ce afolo ne, a sayo ɗigo mai sitiroyid, maganin da ke kwantar da kumburi da garkuwa. Afolo wani bairos ne daban, wanda ya ɓulla a Gana a 1969, kuma da kansa yake wucewa. Amma in gyambon nan mai rassa ne, sitiroyid shi kaɗai yana kwantar da masu gadin farko ne daidai lokacin da ake buƙatarsu, sai gyambon ya bazu. Sitiroyid yana da ranarsa, a mataki na biyu, lokacin da garkuwa ce ke ɓarna, tare da maganin bairos, a hannun likitan ido. Babban gwajin da aka yi kan masu wannan ciwon ido a nan Amurka, mai suna HEDS, ya tabbatar da amfaninsa a wannan matakin, ya kuma nuna a 1998 cewa shan maganin bairos asaikulobir miligiram 400 sau biyu a rana ya rage dawowar ciwon daga kashi 32 zuwa 19 cikin 100 a shekara. Magani ɗaya, a wani mataki ceto, a wani mataki makanta. Shi ya sa sanin wa ke yin me, a wace rana, ba ƙaramin abu ba ne.

Laraba, 5 ga Maris

Na gabatar da sakamako a taron ɗakinmu. Farfesa ya bari na kai ƙarshe, sannan ya ce, “Da wane sinadari kika ƙirga niyutirofil a jini?” Na ce da 1A8 mai haske. Ya ce, “Wanda kika yi musu allura da shi fa?”

Nan take na gane. Alamar da zan gane niyutirofil da ita, allurar ta riga ta zauna a kanta ta rufe. Mai hasken ya zo bai sami wurin kamawa ba, na'ura ta ce babu kowa. Ba lallai sun mutu ba, ɓoye su na yi wa kaina.

Na sauka ɗakin dabbobi na nemo gilasan da aka busar. Na rina su da Gimsa, irin wanda ake duba zazzaɓin cizon sauro da shi a kowane ɗakin gwaji a gida. Niyutirofil na ɓera ba ya ɓuya, cibiyarsa a naɗe take kamar zobe. Na ƙirga ɗari-ɗari da ido. Ga su nan a jinin 'yan 1A8. Sun ragu, amma suna nan da yawa. Ashe an san matsalar: Boivin da abokansa sun nuna a 2020 cewa a baƙaƙen ɓerayen nan 1A8 shi kaɗai ba ya share su sosai, ɓargo yana mayar da gurbinsu da sauri, sai an haɗa da sinadari na biyu da ke kama na farko.

Don haka murnar 25 ga Fabrairu ba ta da tushe. Ban cire niyutirofil ba, ba zan ce komai a kansu ba. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ɓerayen da suka tafi a kan kuskuren da karatun yini ɗaya zai hana. Na je na yi wa dattijuwar godiya. Ta ce ba komai, gilashi ba ya cin wuri.

Talata, 18 ga Maris

Na miƙa wa kwamiti gyaran tsari. Ina jira, sai na koma kan hotunan zagayen farko ɗaya bayan ɗaya, da bayanan da na rubuta a gefe. Sau da yawa daga kwana na 8 na rubuta “ido ya bushe, ba ya sheƙi”, ko “bai ƙifta ba da na kawo auduga”. A lokacin ban ɗauke su a bakin komai ba.

Koniya tana cikin wuraren da suka fi yawan jijiyoyin ji a jiki. Su ne ke sa a ƙifta, su ne ke sa hawaye. Ciwon nan yana cinye su. A 2014 Yun da abokansa, a wancan ɗakin na Pittsburgh, suka ɗinke fatar idon ɓeraye masu ciwon don kada idon ya bushe, sai hakiya ta ragu ƙwarai. Ma'ana, wani kaso mai yawa na farin da muke aunawa muna cewa aikin garkuwa ne, bushewa ce ta idon da ya daina ji. Duk wanda ya yi hunturu a Zariya ya san abin da iska busasshiya ke yi wa leɓe, balle idon da ba ya ƙiftawa.

Na duba littafin danshin ɗakin. Ƙa'ida ta ce tsakanin kashi 30 da 70 cikin 100. A Fabrairu, da na'urar ɗumama ɗaki ke aiki dare da rana, yana ta lilo a ƙasan iyakar. Na ƙara abu biyu a gyaran: auna ji, da ɗinkin fatar ido.

Ɓerayen da ba su da STING, waɗanda aka samo asalinsu a Berkeley a 2011, sun haihu. Sai sun kai mako bakwai.

Laraba, 9 ga Afrilu, zagaye na biyu, kwana na 2

Izini ya zo bayan Sallah. An yarda da komai, sai dai ɗinki ba zan fara ba sai likitar dabbobi ta horar da ni ta sa hannu. Na fara Litinin ba tare da shi ba. Wannan karon gilashi na fara dubawa kafin na'ura. A wasu gilasan na yi ta yawo kafin in ci karo da zobe ɗaya. Yanzu an cire su da gaske. Zan sake dubawa kwana na 4 da na 6.

Laraba, 16 ga Afrilu, kwana na 9

Abin auna ji na Cochet da Bonnet kamar alƙalami yake, da zaren nailan siriri da ke fitowa har santimita 6. In zaren ya yi tsawo laushi gare shi, in aka gajarta sai ya yi tauri. Ana riƙe ɓera a farke, a taɓa tsakiyar ido. Lafiyayyen idon, da zaren ya taɓa shi a cikakken tsawonsa, sai ƙif. Yau na ɗauki wani, na taɓa idon mai ciwo a 6, shiru. Na rage zuwa 4, zuwa 2, har zaren ya zama kamar ƙaya, na ga ya lotsa tantanin. Yana kallona da idon a buɗe, gashin bakinsa na motsi, bai san ana taɓa shi ba. Kwana huɗu da suka wuce wannan idon yana ƙiftawa.

Farantan hawaye sun fito. Tunda gilashi ya riga ya nuna mini kejin da babu niyutirofil, wani ne ya ƙirga ramukan ba ni ba. Inda aka cire su su kaɗai, bairos ya tafi a lokacin da ya saba tafiya. Wannan karon ina iya tsayawa a kan maganar.

Laraba, 23 ga Afrilu, kwana na 16

Jiya aka auna hakiya, mutum biyu daban-daban, kowa da takardarsa. Na jera makin kusa da ranar da kowane ido ya daina ƙiftawa. Idon da ya riga rasa ji, shi ya fi fari, ko daga wane rukuni yake. Wannan ya fito fili har ba ya buƙatar lissafi. A hotuna jijiyoyin jinin waɗanda aka cire wa niyutirofil kamar sun fi gajarta, kuma da hujja, don niyutirofil na ɗauke da VEGF da sinadaran da ke narkar da nama su buɗe hanya. Amma “kamar” ba ta shiga takarda. Sai an auna tsawonsu a kwamfuta, a hannun wanda bai san rukuni ba.

Na gaya wa Farfesa ra'ayina: muddin ido na bushewa, makin hakiya ba zai amsa tambayata ba, don abu biyu yake aunawa a haɗe. Kuma tambayar da kanta ta motsa. Yanzu ina so in san wa ke cinye jijiyoyin ji tsakanin kwana na 4 da na 8, bairos ne, ko masu gadin farko. Ya ce in rubuta shi shafi ɗaya kafin Juma'a. Ya kuma tuna mini cewa ɓera ba mutum ba ne: niyutirofil kashi 10 zuwa 25 ne na fararen ƙwayoyin jininsa, namu 50 zuwa 70, kuma ɓera da wuya bairos ya taso masa da kansa, alhali a mutum tasowa bayan tasowa ce ke kashe ido.

Zagaye na uku zai zama rabi a ɗinke, rabi a buɗe, a kowane rukuni, da na'urar danshi a ɗakin. Koniyoyin wannan zagaye suna cikin firiji, gobe zan fara rina jijiyoyinsu. Likitar dabbobi ta ba ni ƙarfe tara na safiyar Litinin don koyon ɗinki, ta ce in zo da zare mai lamba 7-0 da madubin goshi.